Matsin Sauti a Na'urar Taimaka wa Ji: Aikinsa da Iyakarsa

Na'urar taimaka wa ji ta zamani ba ta ƙara wa kowane sauti ƙarfi daidai wa daida, domin takan ba sauti mai rauni ƙari mai yawa, ta ba matsakaicin sauti ƙari matsakaici, sa'annan ta bar sauti mai ƙarfi kusan yadda ya zo, ko ma ta rage shi idan ya wuce kima. Wannan dabara ita ake kira matsin sauti, wato tattaro sautukan duniya, daga raɗa zuwa tsawa, a shigar da su cikin ɗan filin jin da ya rage wa mai lalurar kunne. Kusan duk shawarar da ƙwararren ji yake yankewa sa'ad da yake saita na'ura a kunnen mutum tana komawa ga wannan matsi ne, kuma yawancin ƙorafin da masu na'ura suke dawowa da shi, ko dai cewa ba sa jin ƙaramar murya ko kuma cewa ƙarar kwanuka tana sukar kunnensu, daga nan yake fitowa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar awon tsawo, domin ƙarin desibel 10 kaɗai kan sa lafiyayyen kunne ya ji ƙarar ta kusan ninkawa. Lafiyayyen kunne yana fara jin sauti a wajajen desibel 0, kuma ba ya fara takura sai an kai wajajen desibel 100, don haka yana da fili mai faɗin gaske tsakanin mafarin ji da iyakar juriya. Magana mai taushi takan tsaya a wajajen desibel 50, hira ta yau da kullum a 65, magana da ɗaga murya kuwa a 80. Sirrin wannan faɗi yana cikin katantanwar kunne, wato sashen kunne na can ciki wanda yake naɗe kamar katantanwa, inda ake da ƙwayoyin halitta masu gashi iri biyu. Na ciki, waɗanda yawansu ya kai kimanin 3,500, su ne suke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa, na waje kuwa, kimanin 12,000 a jere uku, aikinsu shi ne su miƙe su takure tare da girgizar domin su ƙarfafa ta, kuma suna yin haka sosai idan sautin mai rauni ne, har ƙarin ya kai desibel 50 ko fiye, amma suna janye hannu a hankali yayin da sautin yake ƙara ƙarfi. Ke nan lafiyayyen kunne shi kansa yana matse sauti, kuma injiniyoyi ba su ƙirƙiro dabarar ba, kwaikwayonta suka yi.

An daɗe kafin a gane haka. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda bayanin yadda girgiza take tafiya a cikin katantanwa, ya yi yawancin awonsa ne a kunnuwan da ba su da rai, inda ƙwayoyin waje suka riga suka daina aiki, don haka bai ga wannan ƙarfafawa ba. Sai a 1971 William Rhode ya nuna a kunnen biri mai rai cewa girgizar ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar sauti, a 1978 David Kemp a Landan ya gano cewa kunne da kansa yana fitar da ɗan sauti da za a iya ɗauka da makirufo, sa'annan a 1985 William Brownell da abokan aikinsa suka ga ƙwayoyin waje suna canza tsawonsu idan aka taɓa su da lantarki.

Waɗannan ƙwayoyin waje su ne suka fi saurin lalacewa, ko ta hanyar tsufa, ko daɗewa cikin ƙarar inji kamar na niƙa da janareta, ko wasu magunguna irin su jentamaisin, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin da yake biyo baya shi ne mafarin ji ya hau sama, a ce daga desibel 0 zuwa 60, alhali iyakar juriya tana nan kusa da inda take a da, ta yadda filin da yake desibel 100 ya koma 40 kacal. Mai wannan lalura ba ya jin sauti mai rauni ko kaɗan, amma da zarar sauti ya haura mafarin jinsa sai ƙararsa ta hauhawa da sauri fiye da yadda take yi a lafiyayyen kunne, har ya zamana sauti mai ƙarfi yana jin sa kamar kowa. Likitan kunne Edmund Fowler na Amurka ne ya bayyana wannan hauhawar ƙara a shekarun 1930, kuma ita ce dalilin abin da iyalai da yawa suka sani, inda dattijo yakan ce a ɗaga murya ba ya ji, idan aka ɗaga kuma ya ce a daina yi masa ihu, har a ɗauka rigimar tsufa ce, alhali gaskiyar abin da kunnensa yake kai masa yake faɗa. Wannan bayani bai shafi raunin jin da yake tasowa daga toshewar hanyar sauti ba, kamar hujewar dodon kunne ko taruwar ruwa a bayansa, domin a can katantanwar lafiyarta lau, mafarin ji da iyakar juriya suna hawa tare, kuma buƙatar matsi kaɗan ce.

Na'urorin farko suna ba kowane sauti ƙari iri ɗaya, kuma ƙa'idar da Samuel Lybarger ya kawo a 1944, cewa a ba da ƙarin da ya kai rabin abin da kunne ya rasa, sulhu ne tsakanin buƙatu biyu da ba sa haɗuwa, domin ƙarin da ya ishi raɗa ya yi wa tsawa yawa, wanda ya dace da tsawa kuma bai ishi raɗa ba. Mai na'ura shi ne yake cike giɓin da yatsansa, yana murɗa maɓallin ƙara sama da ƙasa duk yini, yadda mai sauraron rediyo yake yi idan tasha tana dusashewa tana dawowa. Domin kare kunne daga ƙara mai cutarwa, na'urorin sukan datse kan sauti idan ya kai wata iyaka, abin da yake gurɓata shi ya sa murya ta riƙa ƙarar tsagewa. Tun 1937 Steinberg da Gardner na ɗakunan binciken Bell suka nuna cewa ƙarin ya kamata ya riƙa sauyawa da ƙarfin sauti, kuma a 1973 Edgar Villchur ya gwada raba sauti kashi biyu yana matse kowanne dabam, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 aka sami na'urorin kasuwa masu yin haka yadda ya kamata, irin na kamfanin ReSound da da'irar K-Amp ta Mead Killion. Na'urori masu sarrafa sauti da lissafin kwamfuta zalla, irin su Widex Senso da Oticon DigiFocus, sun bazu daga 1996, kuma daga lokacin matsi ya zama abin da ake saitawa da manhaja.

Abu biyu ne suke bayyana girman matsi. Na farko shi ne gwiwar matsi, wato matakin ƙarfin sautin da na'ura take fara rage ƙarinta daga kansa, wanda aka ba wannan suna saboda a nan ne layin zanen da yake kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita yake lanƙwashewa. Na biyu shi ne rabon matsi, wato desibel nawa ne sautin da yake shiga zai ƙaru kafin wanda yake fita ya ƙaru da desibel ɗaya. Idan rabon biyu ne bisa ɗaya, kuma na'ura tana mayar da sautin desibel 50 ya zama 75, to sautin 70 zai fita a 85, na 90 kuma a 95, ta yadda ƙarin ya sauko daga 25 zuwa 15 zuwa 5, kuma tazarar desibel 40 ta koma 20. Da a ce ƙarin 25 ɗin nan bai sauya ba, da sautin 90 ya fita a 115, wanda ya wuce abin da yawancin kunnuwa za su jure. Matsin da ake nufin ya maye gurbin ƙwayoyin waje yana da gwiwa ƙasa-ƙasa, sau da yawa a desibel 50 ko ƙasa da haka, da rabo mai sauƙi wanda bai cika wuce uku bisa ɗaya ba, shi ya sa ake ce masa matsi mai faɗin fili. Akwai kuma wani matsin dabam, na kariya, mai gwiwa a can sama da rabo mai tsanani kamar goma bisa ɗaya, wanda aikinsa kawai shi ne hana sauti wuce rufin da aka sa masa ba tare da datse shi ba. Muhimmancin wannan kariya ya fito fili a dokar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara aiki da ita a Oktoban 2022 kan na'urorin da ake saye ba da takardar likita ba, inda ta sa rufin a desibel 111, amma ta yarda ya kai 117 idan na'urar tana da matsin da yake bin ƙarfin sautin da yake shiga. A can ƙasa kuma akwai kishiyar matsi, wadda ake kira faɗaɗawa, inda ake rage ƙari ga sautukan da suka fi kowanne rauni, domin kada mutum ya zauna a ɗaki shiru yana jin shuuu na makirufon na'urarsa.

Wurin da masana suka fi saɓawa shi ne lokaci, domin na'ura ba ta iya sauya ƙarinta nan take ba tare da ta ɓata siffar sautin ba, kuma dole a zaɓar mata saurin da za ta riƙa yin haka. Lokacin kamawa shi ne tsawon lokacin da take ɗauka ta rage ƙari bayan sauti ya yi tsalle sama, lokacin saki kuma shi ne wanda take ɗauka ta mayar da ƙarin bayan sautin ya sauko, kuma duka biyun ana auna su da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A ƙa'idar awo ta Amurka ana ɗaga sauti daga desibel 55 zuwa 90 a ga lokacin da na'ura za ta daidaita, sa'annan a sauke shi a sake gani. Babu gardama sosai kan kamawa, domin kowa ya yarda ya zama gajere, milisakan kaɗan, don ƙarar buga ƙofa kada ta isa kunne da cikakken ƙarfinta. Gardamar tana kan saki. Idan gajere ne, misali tsakanin milisakan 50 da 200, na'ura takan sauya ƙarinta cikin kalma ɗaya, ta danne wasali mai ƙarfi ta ɗaga baƙi mai rauni irin su "s" da "f" da yake biye da shi, kuma wannan amfani ne na gaske, tunda a cikin magana ɗaya akwai tazarar kimanin desibel 30 tsakanin sautuka mafi ƙarfi da mafi rauni, kuma baƙaƙen da ake rasawa su ne suke rarrabe kalmomi. Idan kuwa sakin dogo ne, daƙiƙa ɗaya ko fiye, na'ura ba ta bin gaɓoɓin magana sai dai yanayin wuri gaba ɗaya, ta bar hawa da saukar murya yadda suke, amma bayan wata ƙara kwatsam takan bar mai ita cikin ɗan shiru, inda kalmomin da suka biyo baya za su wuce shi kafin ƙarin ya dawo.

Saurin saki yana da nasa farashin, kuma Reinier Plomp na Holan ne ya bayyana shi da kyau a 1988, inda ya ce fahimtar magana ta dogara ne da bambancin da yake tsakanin tudu da kwarin sauti, kuma matsi mai sauri a sassa da yawa yana baje wannan bambanci, yana cike kwarin da hayaniya. Villchur ya mayar masa da martani a shekara ta gaba da cewa kunne mai hauhawar ƙara yana ƙara wa bambancin girma fiye da kima, don haka rage shi gyara ne, kuma bambancin da ba a ji ba ba shi da amfani komai kyansa. Kowannensu yana da gaskiya a muhallinsa. A wuri mai shiru hujjar Villchur ta fi ƙarfi, domin abin da ake ɗagawa a tsakanin wasula baƙaƙen mai magana ne, amma a kasuwa ko ɗakin taro abin da yake cikin waɗannan giɓoɓi surutun wasu ne, kuma na'urar da take ɗaga duk abin da yake da rauni ba ta san wanne ake so ba, sai ta kusanto da hayaniya ga magana, har wani lokaci a ji hayaniyar tana kumbura tana sacewa tsakanin kalmomi. A nan ne iyakar dabarar take bayyana. Ƙwayoyin waje ba ƙarfi kaɗai suke ƙarawa ba, su ne kuma suke kaifafa yadda kunne yake rarrabe sauti da maƙwabcinsa a kauri da kaifi, kuma matsi ba ya dawo da wannan ko kaɗan, shi ya sa mai na'ura mai kyau zai iya cewa yana jin magana sarai amma ba ya gane ta, kuma maganarsa gaskiya ce.

Binciken Stuart Gatehouse na Gilasgo tare da Graham Naylor da Claus Elberling, wanda aka wallafa a 2003 da 2006, ya ƙara wa batun wata fuska, domin sun ga cewa masu saurin riƙewa da sarrafa bayani a ƙwaƙwalwa sun fi cin moriyar matsi mai sauri, waɗanda ba su kai su ba kuma sun fi samun sauƙi da mai jinkiri, kuma da yawa sun fi jin daɗin mai jinkiri ko da mai saurin ya fi ba su kalmomi. Binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya a kowane lokaci ba, don haka bai kamata a mayar da wannan doka ba, amma ya isa ya nuna cewa taswirar ji, wato zanen mafarin jin mutum a sautuka dabam-dabam, ba ta ɗauke da duk abin da ake buƙatar sani. Kamfanoni da yawa yanzu suna haɗa biyun, na'ura ta tafi a hankali muddin sauti bai sauya sosai ba, ta yi sauri idan ya yi tsalle. Ga kiɗa kuwa an fi son matsi mai jinkiri da rabo kaɗan, tunda hawa da saukar ƙara wani ɓangare ne na abin da makaɗi yake nufi.

Raba sauti sassa-sassa daga mai kauri zuwa mai kaifi, kowane sashe da matsinsa, yana da dalili mai kyau, domin yawancin masu raunin ji sun fi rasa sautuka masu kaifi, kuma ba daidai ba ne rugugin mota ya sa a rage ƙarin baƙaƙen magana. Sai dai yawan sassa, wanda ake tallata na'urori masu tsada da shi, amfaninsa ba ya ci gaba da ƙaruwa bayan an sami 'yan kaɗan da suka isa bin siffar taswirar ji. Haka kuma idan na'urorin kunne biyu suna matsi kowacce ita kaɗai, ta ɓangaren da sauti ya fito takan rage ƙari fiye da ɗayar, sai bambancin da ƙwaƙwalwa take gane alƙiblar sauti da shi ya ragu, abin da ya sa wasu na'urorin suke tuntuɓar juna ta iska su daidaita.

Ƙwararren ji ba ya zaɓar waɗannan lambobi da ka, yana farawa ne daga ƙa'idar lissafi wadda take karɓar taswirar ji ta fitar da ƙarin da ya dace ga sauti mai rauni da matsakaici da mai ƙarfi, kuma rabon matsi yana fitowa ne daga bambancin waɗannan ukun. Biyu ne suka fi shahara. Ta cibiyar binciken sauti ta ƙasar Ostireliya, wadda sigarta mai suna NAL-NL2 ta fito a 2011, tana neman a fahimci magana iya gwargwado ba tare da ƙarar gaba ɗaya ta wuce yadda lafiyayyen kunne zai ji ta ba, ta Jami'ar Yammacin Ontariyo a Kanada kuwa, mai suna DSL, wadda Richard Seewald ya assasa kuma sigarta ta biyar ta fito a 2005, ta taso ne daga buƙatar yara, waɗanda dole su ji kowane sautin magana tunda ba su riga sun san harshen da za su cike giɓi da shi ba, don haka takan ba su ƙari fiye da na manya. Wani abin lura shi ne masu raunin ji mai tsanani, waɗanda lissafi zai ce su suka fi buƙatar matsi saboda ƙuncin filinsu, sau da yawa sun fi son rabo kaɗan, musamman a sautuka masu kauri, domin hawa da saukar ƙarar magana shi ne kusan duk abin da ya rage musu na gane kalma. NAL-NL2 tana kuma da zaɓi na musamman ga harsuna masu karin sauti, inda take ɗan ƙara wa sautuka masu kauri ƙarfi saboda a nan amon murya yake, kuma wannan ya shafi Hausa kai tsaye, tunda karin sauti yana sauya ma'anar kalma da lokacin aiki a cikinta, ga kuma tsawon wasali da yake yin irin wannan aikin.

Abin da manhaja take nunawa a fuskar kwamfuta hasashe ne da aka gina kan matsakaicin kunne, kuma ramin kunnen kowane mutum yana da tsawonsa da faɗinsa, haka kuma kafar iskar da ake bari a toshiyar na'ura takan bar sauti ya shiga kai tsaye ya kuma fita, ta yadda matsin da yake isa dodon kunne ba lallai ya zama wanda aka rubuta ba. Maganin wannan shi ne awo a cikin kunnen kansa, inda ake zura siririn bututun makirufo har kimanin milimita 5 daga dodon kunne, a kunna magana a desibel 50 da 65 da 80, a kwatanta abin da ya isa da abin da ƙa'ida ta nema, sa'annan a gwada rufin. Dole a yi awon da magana ko abin da ya yi kama da ita, domin matsi yana amsa sauti mai hawa da sauka dabam da yadda yake amsa amo tsayayye, kuma saboda haka aka haɗa sautin gwaji na ƙasa da ƙasa daga muryoyin mata masu magana da Larabci da Ingilishi da Sinanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Ga jarirai, waɗanda ƙanƙantar raminsu take sa sauti ya fi ƙarfi a ciki fiye da na babba, akan auna bambancin kunnensu da ƙoƙon gwaji, wato ɗan ramin da yake tsayawa a madadin kunne wajen awo, a saita na'urar a kan ƙoƙon, a kuma maimaita yayin da suke girma.

Wannan mataki na awo shi ne ya fi wahalar samuwa inda ƙwararru suka yi ƙaranci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne suke buƙatar taimako kan raunin ji, kuma kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ƙwararren ji ɗaya ga kowane mutum miliyan. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne na asibitocin koyarwa, amma na'urar da aka saya a kanti ko aka raba kyauta ba tare da awo ba tana ɗauke da matsin da aka saita wa wani kunne dabam, kuma abin takaici ne a ga mai ita ya ajiye ta yana zaton kunnensa ne ya fi ƙarfin magani.

Ko bayan awo, saiti ba ya kammala a zama ɗaya, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta jin motsin takarda da takun ƙafa takan ɗauke su a matsayin damuwa da farko, shi ya sa ake fara wa sabon mai na'ura da ƙari ƙasa da abin da ƙa'ida ta nema, a riƙa ɗagawa cikin makonni. Idan ya dawo, ƙorafinsa yana nuna wurin gyara ga wanda ya san aikin. Wanda yake jin fanka da firji fiye da kima yana buƙatar a rage ƙarin sauti mai rauni ko a ƙarfafa faɗaɗawa, wanda ƙarar cokali a kwano take damunsa yana buƙatar a sauke ƙarin sauti mai ƙarfi a sassa masu kaifi ko a duba rufin, wanda kuwa yake jin komai a ƙara ɗaya, na nesa da na kusa ba bambanci, alama ce cewa rabon ya yi yawa ko sakin ya yi sauri, kuma a irin wannan hali akan sassauta matsin, a sake zura bututun awo a tabbatar baƙaƙen magana mai taushi ba su faɗa ƙasa da mafarin jinsa ba.